Raɗa a Kunnen Takwarana

Duk tsawon jinyar da na yi a kudu, muryata nake wa kuka. Ban san cewa abin da ya kamata in ji wa tsoro yana kwance a kan cinyata ba, cikin zanin goyo, yana tsotsar yatsa.

Sunana Haruna, mutumin Gumel. Motar shanu na biyo na sauka Fatakwal, aka haɗa ni da wani mahauci a mayankar Trans-Amadi mai suna Ila, wai ya koya mini sana'a. Ranar farko ya ba ni fata in feɗe, na mayar masa da ita kamar rariya. Ya ɗaga ta yana hango ni ta cikin hudojin.

"Malam, ban da ɓarna me ka iya?"

"Na yi karatu," na ce. "Kuma ina da murya."

"To ajiye wuƙar nan tun ba ka yanke wa wani yatsa ba."

Haka na zama ladanin masallacin mahauta, wani ɗan masallacin kwano da ke bayan turken shanu. Ba yabon kai ba, Allah ya ba ni murya, ni ma kuma na sani, wannan shi ne aibina. In na ja kiran La'asar har matan Ibo masu sayen kayan ciki sukan dakata da ciniki. Mahauta suna tsokanata wai ina jan kiran ne don su, ni kuwa ina ƙara ja. Ila ya ba ni ɗan ɗaki a gidan hayar da yake, ƙofata tana kallon tasa. Matarsa Ladidi haifaffiyar Fatakwal ce, Hausarta rabi Turancin Buroka, in ta yi fushi kuwa Hausar takan gudu gaba ɗaya. Sun daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba, sai a shekarar da na zo ta samu ciki. Ila ya ce ƙafata ce mai albarka, ni kuma ban musa ba.

Da damina ta kankama muryata ta fara dushewa. Babu wanda ya yi mamaki. Duk wanda ya san mayankar nan ya san hayaƙin tayar da ake babbaka da ita, baƙi ƙirin, har a kaki kana ganinsa. Kowa ya ce hayaƙi ne. Na sha zuma, na sha citta da kanumfari, na haɗiyi man shanu har na tsani warinsa. Wani ya ce sammu ne daga mai son lasifikar, na kuwa ji daɗin wannan bayanin fiye da sauran, don ya fi dacewa da girman da nake ba kaina. Wata rana ina tsakiyar kiran Azahar murya ta tsinke, na buɗe baki iska kawai ta fito. Wani dattijo ya karɓi lasifikar ya ƙarasa, ni kuma na koma sahun baya ina kallon tabarma.

A cikin wannan hali Ladidi ta sauka, namiji. Ila ya shigo ɗakina da jaririn a hannu, fuskarsa kamar zai yi kuka.

"Malam, yi masa huɗuba."

Na nuna masa wuyana, na girgiza kai.

"Haba Malam. Kunnen jariri ai ba lasifika yake so ba. Raɗa ce, kuma raɗa kana da ita. Haruna za ka sa masa."

Na karɓe shi. Na kai bakina dab da kunnensa na dama na yi masa kiran salla, na juya na hagu na tayar da iƙama. Na tauna dabino na shafa masa a dasashi. Na sani Ila ya yi haka ne don ya ɗaga ni daga inda na faɗi, ya kuma ɗaga ni. Tun da muryata ta tafi ban ji ni mutum ne ba sai ranar. Yaro ya ci sunana, gida ya riƙa kiransa Malam Ƙarami.

Da Ladidi ta yi arba'in ta koma sana'arta ta soya kayan ciki, ranar Laraba kuma har kasuwar Oil Mill take zuwa. Ni ba aiki, ba murya, sai na zama mai reno. Ba wanda ya sa ni, ni na nema, don kada in zauna ina cin tuwon mutane a banza. In ta fita sai ta ajiye mini shi, in rufe ƙofa saboda ruwa da sauro, in kwantar da shi a ƙirjina ina raɗa masa Ƙulhuwallahu da waƙoƙin makarantar allo. Yaron nan yana da kunne. Ko kuka yake, da na sa baki a kunnensa sai ya yi tsit, ya buɗe ido yana saurare. Nakan yi ɗan tari, ba mai yawa ba, in kawar da kai gefe in ci gaba. Ladidi takan dawo ta tarar da mu haka ta ce, "See dem, Malam Babba da Malam Ƙarami. Wannan yaron zai ƙwace maka lasifika."

Sannu a hankali haɗiya ta zama azaba. Ko ruwa na sha sai in ji zafin ya harba har cikin kunnena. Wandona ya fara zamewa, ina tashi da safe rigata a jiƙe da gumi. Dattawan masallaci suka taru suka leƙa bakina ɗaya bayan ɗaya, suka yanke hukunci cewa beli ne ya sauko, a cire shi a huta. Akwai wanzamai a Fatakwal, amma aka ce sai wani tsoho a Anacha wanda hannunsa ba ya kuskure. Ila ya sa ni a motar wani mai albasa. Da zan tafi na sumbaci Malam Ƙarami a goshi, a lokacin ya fara zama da matashin kai a bayansa.

A Anacha na sauka wurin 'yan albasa, ina kwana a baranda tsakanin buhuna. Wanzamin mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa komai ba, abin da ya gada ya yi. Ya zaunar da ni a kan turmi, ya danne mini harshe da ɗan itace, ya sa ƙarfensa ya datse. Ya nuna mini ɗan naman a tafin hannunsa yana murna.

"Ka ga ɓarawon. Nan da Juma'a za ka kira salla har a ji ka a ƙetaren kogi."

Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta bi ta. Ga ciwon da na zo da shi, ga kuma sabon gyambo a sama. Wani mai shagon magani ya kalle ni sau ɗaya ya haɗa mini ƙwayoyi kala-kala a leda, ya rantse da kabarin ubansa cewa daga Indiya suka zo. Na sha, ban ga komai ba sai jiri. Kunyar komawa Fatakwal ba murya ta riƙe ni a garin nan fiye da yadda ya kamata. Kewar gida ma ta taso ni a gaba. In na ji 'yan albasa suna hira da mutanensu a waya sai in juya baya, don ni ko na kira tsohuwata ba abin da za ta ji sai huci.

Wadda ta fitar da ni wata mai koko ce, Inyamura, da ke zama a bakin layinmu. Ta lura ba na iya haɗiye ƙosai, sai ta riƙa tsinka mini kokon da ruwan ɗumi ta ajiye ya huce kafin in zo. Ban san sunanta ba, Mama kawai nake ce mata, da hannu. Wata safiya ta riƙe kofin ba ta miƙo ba, ta ƙare mini kallo.

"Aboki, dis one no be throat matter again. You dey dry. Go Enugu, make dem put eye inside."

Wato abin ya wuce na wuya, ina ƙanjamewa, in tafi Inugu a leƙa ciki. Ta kira wani direban da take sayar wa koko, ta yi masa magana da yarensu, ya buɗe mini ƙofa.

A Inugu na nemi Ama Hausa, unguwar mutanenmu, wani mai shayi mai suna Isuhu ya ba ni benci a bayan rumfarsa. Shi ya raka ni babban asibiti, shi ya riƙa yi mini baki a wurin yankar kati. Aka tura ni sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Likitar mace ce, ta yi bautar ƙasa a arewa, tana da 'yar Hausarta mai daɗin ji. Ta fesa mini wani abu a hanci, ta zura siririyar waya mai fitila a kai, sai ga cikin wuyana a talabijin. Ta nuna mini wasu 'yan fatu biyu da ta ce su suke kaɗawa murya ta fita. Nawa sun kumbura, sun yi fari-fari, gefensu kamar ɓera ya gaigaya. Abin da nake taƙama da shi ke nan, ban taɓa ganinsa ba sai da ya lalace.

Ta ce abu biyu take zargi, ciwon daji ko tarin fuka, don a ido suna kama da juna. Aka ɗauki hoton ƙirjina, aka ba ni 'yar roba in yi kaki a ciki, aka kuma tsinki ɗan nama daga wurin aka kai gwaji. Da na koma karɓar sakamako na tarar ta sa takunkumi, ta miƙo mini wani.

"Malam, ba daji ba ne. Tibi ne, tarin fuka. Yana huhu kaɗan, amma ya fi zama a maƙogwaro. Yana warkewa. Magani kyauta ne, wata shida, kullum, ba fashi."

Na yi mata raɗa cewa ai ni ba na tari sosai.

"Na maƙogwaro haka yake, murya yake fara ci. Kuma ya fi saurin kama mutane, don a bakin ƙofa yake. Magana ma tana fitar da shi, numfashi ma." Ta jawo kujerarta. "Da wa kake zama? Akwai ƙaramin yaro a gidan?"

Ina ganin ɗakina a Fatakwal, ƙofa a rufe, taga a rufe, bakina a kunnen yaron mutane tun safe har La'asar.

"Malam? Akwai yaro?"

Na ɗaga hannuwana na nuna mata tsawonsa. Na nuna ƙirjina inda yake kwanciya, na nuna bakina, na nuna kunne. Ta ajiye biron da ke hannunta.

"A kai shi asibiti yau. Ba gobe ba. A gaya musu tibi ne, su duba shi, ko lafiyarsa ƙalau akwai maganin kariya. Jariri ba kamar babba ba ne, yana iya hawa masa kai."

Na fito na koma Ama Hausa. A rumfar shayi na tsaya nesa da Isuhu, takunkumi a fuskata, na yi ta raɗa ina nuni har ya gane. Na rubuta masa lambar Ila, ya kira shi a wayarsa, ya sa ta a fili don in ji. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka tambayi kasuwa da ruwan sama, ni ina tsaye ina murza hannu.

"Dama Malam ne ya ce a gaishe ku," in ji Isuhu. "Jiki da sauƙi, an gano abin, ɗan sanyin ƙirji ne. Ya ce in an samu sarari a ɗan leƙa da yaro asibiti."

Na daki teburin har kofuna suka yi tsalle. Isuhu ya rufe wayar da tafin hannu.

"Haba Malam, a waya? In ce wa mutum baƙonsa ya kai masa tarin fuka gida? Ni bakina ba zai iya ba. Asirinka nake rufawa."

Ta cikin yatsunsa ina jin Ila yana cewa, "Allah ya ƙara sauƙi. Takwaran nasa ma yana ɗan zazzaɓi, ya rage shan nono, amma haƙori ne, an ba shi magani."

Na buɗe baki da duk ƙarfina. Ni da ake ji daga turken shanu har bakin titi, ban iya fitar da kalma ɗaya da za ta kai tsawon hannu ba. Isuhu ya yi sallama cikin ladabi ya kashe. Ban ji haushinsa ba, don da ni ne a wurinsa wataƙila haka zan yi. Na fizge wayar na koma asibiti da gudu, amma likitar ta tashi, masu gadi kuma ba su gane abin da bebe yake nema ba. Washegari na same ta. Ita ta kira lambar Ladidi, ta yi mata Buroka tsantsa, ba gaisuwa ba kwana-kwana. Ban ji abin da Ladidi ta ce ba, na dai ga likitar ta runtse ido. Da ta kashe ta ce mini tun asuba suna asibiti, yaro ya sanƙare.

Likita ta ce kada in shiga motar haya sai magani ya kama jikina. Na samu motar shanu da ta sauke kaya za ta gangara, na hau baya ni kaɗai, iska tana dukana, ledar magani a cikin rigata. Duk hanyar nan lissafi ɗaya nake yi. Da ban nemi reno ba. Da na bar taga a buɗe. Da ban zauna a Anacha ina jiran Juma'a ba.

A Fatakwal ba a bar ni na shiga ɗakin yara ba, ta taga na hango shi. An aske masa gefen kai an sa allurar ruwa, wuyansa ya lanƙwashe baya. An ɗebi ruwan bayansa, an ce ciwon ya hau kai, sanƙarau irin na tibi. Ila ya fito ya same ni. Na durƙusa a gabansa kan siminti, ya kama kafaɗuna ya ɗaga ni.

"Tashi, Malam. Ni na kawo maka shi har ɗaki. Ni na ce raɗa kana da ita. In laifi ne, nawa ya riga naka."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Limaminmu ya ce ƙaddara ce, wata nas ta ce ai ban sani ba, kowa ya taru yana wanke ni, ni kuwa na san numfashin wa ya shiga yaron nan. Ladidi ce kaɗai ba ta wanke ni ba. Ta fito ɗibar ruwa ta gan ni, ta tsaya.

"Malam, tun yaushe kake tari?"

Na nuna mata da hannu cewa an daɗe.

"And you no talk."

Ta wuce da bokitinta. Wannan maganar, cewa na san ina tari ban faɗa ba, ita ce gaskiyar da na samu a duk garin, na kuma riƙe ta.

An gwada su duka. Ila lafiya, Ladidi aka ba ta na kariya. Ni na koma wani ɗakin ajiyar fatu a bayan mayanka, inda iska take shiga ta ko'ina, ina zuwa karɓar magani a ƙaramin asibitin unguwa. Ƙwayoyin manya ne, ga maƙogwaro a ɗanye, kowace safiya sai na yi kokawa da su. Fitsarina ya koma ja, an riga an gaya mini kada in tsorata. An hana ni magana, har raɗar ma an ce tana wahalar da wurin. Ban yi fashi ko sau ɗaya ba. Kullum da rana sai in tarar da kwanon kunu a rufe a bakin ƙofata, mai ruwa-ruwa yadda zan iya haɗiya. Na san kwanon Ladidi ne, amma ba ta taɓa tsayawa mun haɗu ba.

Malam Ƙarami ya rayu. Ya daɗe a asibiti, maganinsa ma ya fi nawa tsawo, amma wuyan ya saki, ya koma shan nono, ya yi ƙiba. Muna cikin murna Ladidi ta lura da abin. Faranti ya faɗi a bayansa bai waiga ba. Aka kai shi gwaji aka sa masa wayoyi a kai, aka ce ciwon ya tafi da jinsa, kunnuwan duka biyu.

Ni kuwa muryata ta dawo. Da na cika wata shida aka sake gwada kakina aka ce babu komai, na koma Inugu likita ta zura wayarta ta ce wurin ya warke da tabo. Muryar ba irin ta da ba ce, ta yi kauri, tana da ɗan kurze, amma tana fita. Ban yi murna ba. Na ji kamar an yi musaya ne ba a tambaye ni ba, aka ba ni nawa aka karɓe na yaro. Na yi niyyar tattara kayana in koma Gumel, Ila ya ce ba inda za ni sai na kira salla ko sau ɗaya.

Ranar da na karɓi lasifikar La'asar ce. Ila yana zaune a bakin masallaci da yaron a cinyarsa, dab da ƙarƙashin lasifika. Na fara, mahauta suka ɗago kai, wani ya yi kabbara. Ni idona yana kan Malam Ƙarami. Yana wasa da silifas ɗin ubansa, yana juya shi yana kai shi baki. Har na kai ƙarshe bai ɗago ba.

Bayan an idar na zauna a gefen turke. Sai ga Ladidi da tiren kayan cikinta. Ta ajiye, ta karɓi yaron daga hannun Ila, ta nufo ni. Tun ranar bokitin nan ba ta yi mini magana ba. Na ja baya, don har lokacin ina tsoron numfashina.

"Zauna, ai an ce ka warke," ta ce. Ta ɗora mini shi a cinya, ta kama ɗan hannunsa ta manna a maƙogwarona. "Haka nake yi masa in ina waƙa. Ta nan yake ji. Oya, yi masa."

Na ce Allahu akbar, a hankali. Yaro ya zaro ido. Ya ɗauke hannun ya duba tafinsa, ya mayar da kansa, ya danna da ƙarfi yana jira. Na sake faɗa, ya ƙyalƙyale da dariya. Na yi masa kiran tun daga farko har ƙarshe, hawaye yana sauka a kan yatsunsa.

Ban koma Gumel ba. Yanzu ya fara tafiya, kuma ya gane lokaci da ganin mutane suna alwala. Da na nufi lasifika sai ya biyo ni ya ɗaga hannuwa, in ɗauke shi a kafaɗa, ya kafa tafinsa a wuyana. Mahauta sun ce kirana ya ƙara tsawo fiye da na da. Gaskiyarsu ne, ba na tsayawa sai ya sauke hannunsa.